Ciwon Sukari Da Mutuwar Ƙafa

Jama'a, akwai wata cuta da ke cin 'yan'uwanmu a ɓoye, daga Mai Wurno har Sinja da Damazin, wato mutuwar jijiyoyin ƙafa ga mai ciwon sukari. Likitoci sun ce kusan rabin masu wannan ciwo sukan gamu da ita in an daɗe.

Ga yadda abin yake. Idan sukari ya yi shekaru yana da yawa a cikin jini, sai ya lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, tare da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Yakan fara daga yatsun ƙafa ya yi sama. Da farko mutum ya ji kamar kiyashi na yawo, ko ana tsira masa allura, ko zugi cikin dare. Daga baya sai ƙafa ta yi shiru, ya ce Alhamdu lillahi ya warke. To, nan ne haɗarin yake.

Mu kuwa sana'armu ta ƙafa ce. Yini muke a kara cikin kashin shanu, ga ƙaya, ga ƙasa mai zafi, ga sa ya taka mutum. Wanda ƙafarsa ba ta ji, sai ƙaya ta kwana uku a ciki bai sani ba. Ta zama gyambo, gyambo ya ruɓe, a ƙarshe a yanke. Abin mamaki, ba mai sayen bijimi bai duba kofatonsa ba, amma tamu ƙafar ba ma dubawa.

Jijiyar da ta mutu da wuya ta dawo, sai dai a tsare sauran. Babban magani shi ne a riƙe sukari: ƙwaya ko allurar insulin yadda likita ya rubuta, a rage sukarin shayi da jabana, a bar taba. Gwajin nan na wata uku, galibi ana son ya tsaya wajen 7. Domin zugi akwai amitriptyline da pregabalin da gabapentin, amma zafi kawai suke kwantarwa, kuma suna sa jiri, kada a saya da ka. Wanda ya daɗe kan metformin ya nemi a duba masa B12.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sa magani da asibiti sun yi wuya, don haka kulawar gida ta ƙara nauyi. Sau biyar muke alwala. A duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, a tsane su. A taɓa ruwan zafi da gwiwar hannu tukuna. A zazzage takalmi kafin a sa, ban da yawo ba takalmi, ban da jin wuta kusa. Ƙafar mai sukari ba ta son sakiya ko askar wanzami. In an ga rauni, ko kumburi, ko wuri ya yi baƙi, a bar ciniki a hannun yaro a tafi asibiti ran nan.