Abin da ya kamata ku sani: yadda unguwa ke yanke wa makaranta rabonta a Amurka

A Amurka, gundumomi ne ke tafiyar da makarantun gwamnati, kuma yawansu ya haura 13,000. Kowace gunduma tana da hukumarta, wadda galibi mutanen yankin ne ke zaɓa, kuma ita ke ɗaukar malamai ta tsara kasafi. Yaro kuwa galibi makarantar gundumar da gidan iyayensa yake zai shiga. Shi ya sa mai neman gida a can, kafin ya tambayi yawan ɗakuna, sai ya tambayi gundumar da gidan ya faɗa.

Kuɗin daga wuri uku yake fitowa. Gwamnatin tarayya, duk da girman sunanta, abin da take sawa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran, jiha da gunduma ne ke raba shi kusan daidai, kuma kason gunduma yawanci harajin gidaje da filaye ne. Nan gizo ke saƙa.

Mu ɗauki birnin San Antonio na jihar Teksas, a ƙarshen shekarun 1960. A yammacin birnin akwai gundumar Edgewood mai ɗalibai kimanin 22,000, kashi 90 cikin 100 'yan asalin Meziko, kashi 6 baƙaƙen fata. A arewa akwai Alamo Heights, unguwar masu hali, mafi yawansu fararen fata. Mutanen Edgewood sun ɗora wa kansu harajin dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar gida, amma abin da ya taru dala 26 ce kacal ga kowane ɗalibi. Na Alamo Heights sent 85 suka biya, suka tara dala 333 ga kowane ɗalibi. Wato talaka ya fi matse aljihu, ya kuma fi tashi hannu wofi, domin gidajensa ba su da tsada. Ko da aka haɗa da tallafin jiha da na tarayya, ɗan Edgewood dala 356 ya samu a shekara, ɗan Alamo Heights 594.

A watan Mayun 1968 ɗaruruwan ɗaliban sakandaren Edgewood suka fice daga aji suna kukan rashin kayan karatu da ƙwararrun malamai. Iyaye suka shigar da ƙara, a gabansu akwai Demetrio Rodriguez, wani tsohon soja mai aikin ƙarfe. Sun yi nasara a ƙaramar kotu, amma a 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe hukuncin da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce tsarin mulkin tarayya bai lissafa ilimi cikin haƙƙoƙin da ya kare ba. Mai shari'a Thurgood Marshall na cikin waɗanda suka ƙi amincewa. Tun daga nan rigimar kuɗin makaranta ta koma kotunan jihohi. A 1989 Kotun Ƙolin Teksas ta ba Edgewood gaskiya, a 1993 kuma aka yi dokar da ke karɓar rarar harajin gundumomi masu arziki a zuba a asusun ilimin jiha. Mutane suka laƙaba mata Robin Hood, ɓarawon nan na tatsuniyar Ingila mai ƙwacewa daga attajirai ya ba talakawa.

To ina batun ƙoƙarin ɗalibai? Teksas na yi wa yara jarrabawar da ake kira STAAR, kuma tun 2018 take ba gundumomi maki daga A zuwa F. Makin yana da amfani, amma wanda ya karanta shi shi kaɗai zai yaudari kansa. Binciken da James Coleman ya jagoranta a 1966 ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito yana tasiri a sakamakonsa fiye da bambancin kayan makaranta. Saboda haka a duba wasu alƙaluma tare da makin: yara nawa ne 'ya'yan marasa ƙarfi, nawa ne ke koyon Turanci a aji domin a gida Sifaniyanci ake yi, nawa ne ke buƙatar kulawa ta musamman. Gundumar da ta karɓi yaro bai iya karatu ba ta ɗaga shi aji biyu a shekara guda, a ganina ta fi wadda ta karɓi ɗan likita ta miƙa shi jami'a aiki, ko da makinta bai kai ba.

Kada kuma a ɗauka kuɗi ne kaɗai maganin. A 2016 hukumar ilimin Teksas ta ture zaɓaɓɓun shugabannin Edgewood ta naɗa kwamitin riƙo, saboda rigimar cikin gida ta hana su ko da naɗa shugaban gundumar. Ɗaliban kuma sai raguwa suke yi, yanzu ba su kai 10,000 ba, kuma tunda da yawan masu halartar aji jiha ke lissafa kasonta, duk yaron da ya koma wata makaranta da kuɗinsa yake tafiya. A ɗaya ɓangaren, gundumar Austin, wadda ta fi kowa biyan kuɗin Robin Hood saboda tsadar gidajen birnin, tana ƙorafin cewa kusan rabin ɗalibanta su ma 'ya'yan talakawa ne.