Yadda Furanni Biyu Suka Haɗa Masanan Tsibirin Kubrus

Tsibirin Kubrus yana gabashin Bahar Rum, kudu da ƙasar Turkiyya. Tun shekarar 1974 yake a rabe gida biyu: 'yan asalin Girka a kudu, 'yan asalin Turkiyya a arewa. A tsakaninsu akwai wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 180, wanda sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi. A cikin birnin Nikosiya faɗinsa bai wuce 'yan mitoci ba, amma a karkara yakan kai kilomita 7.

Da yake an taƙaita gine-gine da farauta a wannan ziri shekara da shekaru, sai sassansa da dama suka zama mafakar tsirrai da namun daji. Wannan kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne, domin Kubrus tana da nau'o'in tsirrai fiye da 100 waɗanda ba a samun su ko'ina a duniya sai can. Dalili shi ne, idan teku ya keɓe tsiro daga danginsa na tsawon dubban shekaru, yakan sauya kama har ya zama nau'i mai zaman kansa. Irin wannan tsiro in ya ƙare a mazauninsa, to, ya ƙare ke nan har abada.

Biyu daga cikinsu sun fi jan hankalin masana. Na farko shi ne Tulipa cypria, mai fure ja wur har yana neman komawa baƙi, wanda ke buɗewa a watannin Maris da Afrilu. Yana da kai a cikin ƙasa kamar albasa, kuma yakan fito a gonakin hatsi da makiyaya. Saboda haka garma mai zurfi, da maganin kashe ciyawa, da masu tsinkar furanni, duk abokan gabansa ne.

Na biyu shi ne Ophrys kotschyi, wanda rayuwarsa ke cike da abin mamaki. Furensa yana kama da macen wani irin ƙudan zuma, har ƙamshinta yake kwaikwayo. Namijin ƙudan yakan sauka a kansa da zaton mace ce, ƙurar fure ta manne masa, ya kai ta ga wani furen, ta haka ake samun iri. Shi kuma irin ƙanana ne kamar ƙura, ba shi da guzurin abinci, don haka ba ya tsira sai da taimakon wata funfuna ta cikin ƙasa. Ke nan mai son kare wannan fure tilas ya kare ƙudan da ƙasar da yake tsaye a kai.

A nan ne matsalar rabuwa ta bayyana. Tsiro bai san iyaka ba, kuma masanin da ke ƙirga shi a gefe guda kawai ba zai san ko yana ƙaruwa ko yana raguwa ba. Bayan buɗe mashigai a 2003, masana daga ɓangarorin biyu sun sami damar haɗuwa. Daga 2007, da tallafin Shirin Raya Ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya, sun yi aiki tare a yankin ƙauyukan Mammari da Deniya, inda waɗannan furanni ke fitowa.

Dabarar da suka ɗauka ita ce ta ƙananan gandayen tsirrai, wadda aka fara a lardin Balansiya na Sifaniya cikin shekarun 1990. Maimakon killace babban daji, akan shata ɗan fili wanda bai wuce kadada 20 ba, a ƙirga tsirran da ke ciki a kai a kai, a adana irinsu, a kuma wayar da kan manoma da 'yan makaranta. Amfaninta shi ne ba ta raba manomi da gonarsa, ba ta kuma bukatar a jira 'yan siyasa su daidaita.

Har yanzu tsibirin a rabe yake, kuma wasu masana na fargabar cewa ranar da aka sasanta, gine-gine za su mamaye zirin idan ba a yi tanadi ba. Shi ya sa bayanan da ɓangarorin biyu suka tattara tare suke da daraja: su ne za su nuna wuraren da bai kamata a taɓa ba.