Hisabin Tikitin Jirgin Sama daga Ƙofar Taramniya

Magabatanmu na Sakkwato, idan ɗayansu ya ƙudurta ziyarar Ɗakin Allah, sai ya yi wasiyya, ya sallami iyali, ya bi ayari ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, ya shekara biyu ko uku yana ƙodago a hanya kafin ya haɗa kuɗin fito. Yau kuwa jikansa yana zaune a Ƙofar Taramniya, ɗaya daga tsofaffin ƙofofin birnin da Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kafa a 1809, yana duba kuɗin kujera zuwa Jidda a cikin wayar hannunsa. Sauƙi ya samu, alhamdu lillahi, sai dai ɗawainiyar ta koma wajen hisabi.

Abin da ya wajaba mai karatu ya fara sani shi ne, kujerun jirgi guda ba kuɗinsu ɗaya ba ne, ko da faɗinsu ɗaya. Kamfani yakan kasa su daraja daraja, ya ware kaɗan masu rahusa, idan waɗannan suka ƙare sai kwamfuta ta buɗe na sama da su, haka nan har ranar tashi. Saboda haka mutum biyu sukan zauna kafaɗa da kafaɗa daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku zuwa Abuja, alhali ɗaya ya biya kusan ninkin na ɗan'uwansa, don kawai wancan ya riga shi da mako uku. Inda jama'a suka yi cincirindo kuwa, kamar goman ƙarshe na Ramadan ga masu Umra, da jajibirin Sallah, da ƙarshen Disamba, masu rahusar sukan ƙare tun da wuri. Wanda duk yake da ikon gusar da tafiyarsa da kwana biyu, ko ya tashi tsakiyar mako, galibi yakan ga rangwame. Aikin Hajji dai hanyarsa daban, ta Hukumar Alhazai da wakilan da ta yarda da su.

Akwai shafukan intanet, irin su Google Flights da Skyscanner da Wakanow, masu jera kuɗin kamfanoni da yawa a fuska guda. Amfaninsu kwatance ne. Bayan an gwada, ya kyautu a leƙa shafin kamfanin jirgin da kansa, domin wasu jiragen cikin gida ba su bayyana a can, kuma in tafiya ta sami tangarɗa, ya fi sauƙi ka nemi haƙƙinka wurin mai jirgi da ka bi ta hannun dillali.

Amma inda na fi so a tsaya a yi nazari shi ne wannan: adadin da ya fara bayyana a fuskar waya ba shi ne kuɗin tafiya ba. Basakkwace mai nufin Jidda ko Alƙahira, a mafi yawan lokaci sai ya fara zuwa Kano ko Abuja, kuma lalle ya lissafa kuɗin wannan zango, da masauki in kwana ya kama, da halin da hanyar Gusau take ciki ga mai bin mota. Sa'an nan ya duba nauyin kayan da aka yarje masa, domin mai dawowa da tsarabar dabino da jallabiyoyi yana iya biyan kuɗin awo da zai cinye duk rahusar da ya samu. Wanda ya ratsa ta Addis Ababa yakan biya ƙasa da mai tafiya kai tsaye, amma tsoho ko mai jinya bai kamata a zaunar da shi sa'o'i goma a filin jirgi saboda ragin kuɗi kaɗan ba. Mafi hatsari duka shi ne yankar tikiti biyu daban daban masu kusancin lokaci, domin idan jirgin Sakkwato ya yi jinkiri, na biyun zai tashi, kuma babu wanda zai ɗauki alhakin asarar. Malaman fiƙihu sun hana cinikin garari, suka buga misali da sayen tsuntsu yana sama. To, wanda ya biya kuɗi bai karanta sharaɗin canjin rana da na mayar da kuɗi ba, shi ya jefa kansa cikin jahilcin abin da ya saya.

Tsada kam ta tabbata. A Fabrairun 2022 kamfanonin cikin gida suka ɗaga mafi ƙarancin tikiti zuwa naira 50,000 saboda kuɗin man jirgi, bayan faɗuwar darajar naira a Yunin 2023 kuma abin ya wuce haka nesa. A irin wannan ƙunci ne mayaudara ke tallan tikitin rabin kuɗi a WhatsApp, su karɓi guzurin bayin Allah su ɓace. Ina roƙon mai karatu, ko wa ya yankar maka tikiti, ka karɓi lambar ajiyar kujera mai harafi shida, ka shigar da ita a shafin kamfanin tare da sunanka, ka tabbata an biya kuɗin, kuma sunan ya dace da na fasfo harafi da harafi, tun kafin ka yi sallama da iyali.