Idan Biya Ya Tsaya, Adaidaita Sahun ta Wane ce?

Yawancin adaidaita sahun da ke kai ku makaranta da safe ba mallakin direbobinsu ba ne, aƙalla ba tukuna ba. Wani mai kuɗi ko kamfani ne ya saya, ya ba direba bisa sharaɗin ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, kullum ko duk mako, har kuɗin ya cika. Kafin cikar nan, direba ɗan haya ne kawai. Idan biya ya tsaya, mai kaya na iya zuwa ya karɓe abinsa. Wannan shi ne ƙwace kaya saboda gaza biyan kuɗi.

Kada ku haɗa shi da jingina. A jingina, kai ne ke kai kayanka ka ajiye don a ba ka rance. A nan kuwa kayan na hannunka, kana moriyarsu, amma sunan mai su na wani ne.

Inda abin ke ciwo shi ne kuɗin da aka riga aka zuba. A ce an yi cinikin keke a kan naira miliyan 5. Direba ya yi ta fama har ya biya miliyan 3, sai ciwo ya kwantar da shi wata guda. Shin mai keke zai aiko yaransa su tare shi a titi, su karɓe makulli, shi ke nan gumin ya tafi a banza?

Dokar Nijeriya ta irin wannan ciniki, wadda aka kafa a 1965, ta ce a'a. Idan abin hawa ne, kuma an biya kashi uku cikin biyar na kuɗinsa, mai kaya ba shi da ikon ƙwacewa da hannunsa, sai ya bi ta kotu. Idan ya yi gaban kansa, yarjejeniyar ta rushe, kuma direba na iya neman a mayar masa da duk abin da ya biya. Sai dai dokar ba ta bar mai kaya haka nan ba: idan aka tsallake biya sau uku ko fiye, yana iya ɗauke abin hawan ya adana shi har kotu ta yanke hukunci.

A ganina, babbar matsalar direbobinmu ita ce rashin takarda. Ana ƙulla cinikin miliyoyi da fatar baki a gaban shaida ɗaya, kuɗi na shiga hannu babu rasit. Ranar da rigima ta tashi, da me za a nuna wa alƙali cewa an kai kashi uku cikin biyar?

Ku ma abin ya kusa zuwa kanku. Wayoyin da ake sayarwa a biya wata-wata sukan zo da manhajar da ke kulle waya idan lokacin biya ya wuce. Babu mai ƙwanƙwasa ƙofar gidanku; wayar na aljihunka, amma ta daina aiki har sai ka biya.