Bayan kyamara: Yadda ɗakin labaran talabijin na makaranta ke ƙulla zumuncin ɗalibai

Mai kallon labaran ƙarfe tara na dare fuska ɗaya ko biyu yake gani a akwatin talabijin, sai ya ɗauka su ne suka yi aikin. Alhali kafin mai karanta labarai ya buɗe baki ya yi sallama, labarin ya bi ta hannun mutane da dama: wanda ya je ya samo shi, wanda ya ɗauki hoto, wanda ya tace hoton, wanda ya gyara rubutu, da wanda ke zaune a ɗakin sarrafa na'urori yana ba da umarnin a sauya daga wannan kyamara zuwa waccan. Mafi yawan waɗannan mutane sun fara koyon aikin ne a wani ƙaramin ɗaki a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, inda ɗalibai ke kwaikwayon tasha ta gaske da ɗan abin da ya samu na kayan aiki.

Iyaye da yawa ba su san me ake yi a wannan ɗaki ba. Abin da suka sani shi ne ɗansu ko 'yarsu mai karatun aikin jarida ba ya dawowa da wuri, kullum yana neman kuɗin mota da na data, kuma yana da wasu abokai da wayarsu ba ta yankewa. Wani uban yakan yi zaton wasa ne ake yi da sunan karatu. Akwai dalilin da ya sa wannan fanni ke cin lokaci haka, kuma dalilin ne yake sa abotar da ake ƙullawa a cikinsa ta bambanta da ta sauran azuzuwa.

Talabijin ta daɗe a ƙasar nan. A ranar 31 ga Oktoban 1959 gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe tashar WNTV a Ibadan, ta Kaduna kuma ta biyo baya a 1962 a zamanin gwamnatin Sardauna. Da gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukumar NTA a 1977, sai buƙatar horar da ma'aikata ta taso, aka kafa Kwalejin Talabijin ta NTA a Jos a 1980. Kwalejin tana nan a Rayfield, kuma tana ba da digiri ta hanyar haɗin gwiwa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ban da ita, akwai sassan koyon aikin jarida a jami'o'i da kwalejoji masu yawa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsangaya guda ta fannin sadarwa da tashar rediyonta a kan mita 98.9, Jami'ar Legas kuma tana da rediyo da talabijin. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba tsohon kwas ɗin aikin jarida gida bakwai, inda watsa shirye-shirye ya zama digiri mai zaman kansa. Ma'anar wannan ita ce ɗalibin da ya zaɓi wannan layi zai shafe lokaci mai yawa a situdiyo fiye da wanda ya riga shi.

Yadda yini ke tafiya

A mafi yawan makarantu malami yakan raba aji rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya haɗa labarai na minti goma ko sha biyar. A ido abu ne ƙarami. Sai an shiga ake gane cewa minti ɗaya da rabi na rahoto yakan ci yini guda.

Da safe ake zaman tsara labarai. Wanda aka naɗa edita a wannan mako zai tambayi kowa abin da ya zo da shi: tsadar abinci a kantunan makaranta, ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana, zaɓen ƙungiyar ɗalibai, ko farashin hatsi a kasuwar da ke kusa. A nan ake fara musu, domin kowa yana ganin labarinsa ne ya cancanci zama kan gaba. Daga nan a watse bibbiyu ko uku-uku, ɗaya da kyamara, ɗaya da makirufo, wani lokaci na ukun aikinsa kawai ya riƙe ƙafar kyamara ya kuma hana yara shiga hoto. Idan kyamarar sashe ɗaya ce ko biyu, to sai an bi layi, kuma rukunin da ya makara wajen dawo da ita ya ɓata wa na bayansa yini.

Da la'asar ake komawa tace hoto a kwamfuta. Wannan shi ne wurin da ake daɗewa. Ana koya wa ɗalibi cewa mai karanta labarai da Turanci yana furta kusan kalma uku a daƙiƙa ɗaya, don haka rubutun daƙiƙa talatin bai kamata ya wuce kalma casa'in ba, kuma kowace jimla sai an sami hoton da zai hau kanta. Idan rubutu ya fi hoto tsawo, ko dai a yanke rubutun ko a koma a ƙaro hoto. Ana cikin haka a ɗauke wuta. Idan sashe ba shi da man janareto, ɗalibai ne za su yi karo-karo, ko su kwashi kwamfutar tafi-da-gidanka su nufi ɗakin wanda unguwarsu ke da wuta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan karo-karo ya ƙara nauyi, haka ma kuɗin adaidaita-sahu zuwa wurin ɗaukar rahoto.

Sa'annan a zo naɗar labaran. Mai karantawa ya zauna a gaban fitilu masu zafi, an kashe fanka saboda kada ƙararta ta shiga makirufo, darakta yana ƙirga daƙiƙoƙi da yatsu. Mai sauti ya manta bai buɗe makirufo ba, a sake. Mai karantawa ya yi tuntuɓe a kan sunan wani gari, a sake. A irin wannan zama ne magariba take wucewa, isha ta riske su.

Me ya sa abotar take da ƙarfi

Ɗalibin lissafi ko na shari'a zai iya kulle kansa a ɗaki ya ci jarrabawa da babban sakamako ba tare da ya san sunan na kusa da shi ba. A talabijin wannan ba ya yiwuwa. Komai iyawar mai rahoto, idan mai kyamara ya ɗauko hoto mai duhu ko sauti mai hayaniya, aikin ya lalace, kuma makin da za a rasa na kowa da kowa ne. Dole ce take haɗa su tun farko, ba zaɓi ba, domin sau da yawa malami ne ke raba rukunin da lambar rajista. Sai ga ɗan Sakkwato da 'yar Binuwai da ɗan Oyo sun wayi gari makinsu yana hannun juna.

Daga dolen ne sanayya take tsiro. Wanda kuka yi azahar a rana kuna jiran wani jami'i da bai fito ba, kuka raba ledar ruwa da biredi guda, ka san haƙurinsa da rowarsa da kyautarsa fiye da yadda za ka san wanda kuke gaisawa a ƙofar aji shekara huɗu. Ka san wanda idan ya ce ƙarfe takwas to takwas ɗin ce, ka kuma san wanda wayarsa take mutuwa duk ranar da aka ce a kawo kuɗi.

A gari irin Jos abin yana da wata fuska. Tun bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, unguwanni da yawa sun rabu bisa addini, har akwai wuraren da baƙo ba ya shiga da kyamara kai tsaye. Ɗalibin da yake son ɗaukar rahoto a unguwar da ba tasa ba yana buƙatar abokin karatu ɗan wurin da zai shige masa gaba, ya gaishe da dattawa, ya yi bayanin cewa aikin makaranta ne. Gobe kuma shi zai rama masa a tasu unguwar. Babu lacca a kan zaman lafiya da take koyar da abin da wannan rakiya take koyarwa. Haka nan harshe: inda ake haɗa labarai da Turanci da Hausa, ɗalibin da ake yi wa dariya saboda karin Turancinsa yakan zama wanda kowa ke nema idan aka zo fassara ko hira da 'yan kasuwa, shi kuma ya jingina da wanda ya fi shi Turanci wajen rubutu.

Sai dai zo mu zauna, zo mu saɓa. Babban abin da ke raba kan ɗalibai shi ne kujerar mai karanta labarai. Kusan kowa ita ya zo nema, domin ita ce ake gani, ita ce ake turawa 'yan uwa a WhatsApp. Aikin kyamara da tace hoto da haɗa sauti kuwa sai a bar wa wasu 'yan kaɗan, galibi maza, su yi ta yi har su gaji. Wannan rabo yana cutar da ɓangarorin biyu. Budurwar da aka riƙa zaunarwa a gaban kyamara saboda fuskarta da muryarta za ta iya kammala karatu ba ta taɓa tace rahoto ko ɗaya da hannunta ba, alhali tashoshi a yau sun fi son wanda zai iya ɗauka, ya rubuta, ya tace. Malamin da ya san aikinsa yakan tilasta a riƙa juya ayyukan mako-mako, ko da ɗalibai za su yi gunaguni.

'Yan mata suna da ƙarin matsala ta lokaci. Wadda take zuwa daga gida, musamman a garuruwan Arewa, ba za ta iya kaiwa dare a situdiyo ba, matar aure mai goyo kuma balle. A rukunin da ake da fahimta, akan ba ta aikin da za ta gama da rana, kamar rubutu ko hira, wasu su ƙarasa na dare. A inda babu fahimta, sai a ce ba ta yin komai. A ganina iyaye za su fi taimakon 'yarsu idan suka nemi sanin jadawalin sashen da sunan malamin da ke kula da situdiyo, maimakon su hana ta zuwa gaba ɗaya, domin aikin situdiyon shi ne zuciyar kwas ɗin.

Inda ake gwada abota

Akwai wata al'ada da kowane tsohon ɗalibi ya sani: mutum biyar su yi aiki, a rubuta sunan mutum goma. Wanda bai zo ba aboki ne, kuma ana jin nauyin cire sunansa. Ana kiran wannan rufin asiri, amma a nan ne ɗan jarida na gobe yake fara koyon rubuta abin da ya san ba gaskiya ba ne saboda kunyar ido. Ya fi tsanani idan labarin kansa ya shafi aboki. Idan ana zargin shugaban ƙungiyar ɗalibai da taɓa kuɗin ƙungiya, kuma abokin ɗakin editan wannan mako ne, za a saka labarin ko za a ce lokaci bai isa ba? Tambayar da za ta same shi ke nan bayan shekara goma, lokacin da abokin ya zama mai magana da yawun gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma, shi kuma yana riƙe da teburin labarai.

Ita ma makarantar tana cikin gwajin. Lasisin da Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1992, take bai wa tashoshin makarantu, an yi shi ne da farko don horar da ɗalibai. Amma mai tashar shi ne mai ba da maki, shi ne kuma mai sa hannu a takardar kammalawa. Ba abin mamaki ba ne a ga labaran ɗalibai sun cika da bikin rantsar da sababbin ɗalibai da ziyarar manyan baƙi, labarin banɗakunan da suka toshe kuwa ya tsaya a zaman safe. Ɗalibai suna lura da abin da malamansu suka bari ya wuce da abin da suka danne, kuma wannan darasi ya fi zama a kansu fiye da na littafi.

Masu karatu da ke kasuwa ko ofis su ma suna da hannu a cikin wannan horo, ko sun sani ko ba su sani ba. Matasan nan da ke shigowa Kantin Kwari ko Dawanau ko kasuwar Terminus da kyamara, suna tambayar farashin atamfa ko buhun masara, sau da yawa ɗalibai ne da aka ba su wa'adin yini ɗaya. Ɗan kasuwa yana da haƙƙin ya nemi ganin katin makaranta, ya tambayi inda za a nuna hoton, ya kuma ƙi idan bai gamsu ba. Korar su da zagi bisa zaton 'yan haraji ne ita ce ba ta da amfani ga kowa. Ma'aikacin gwamnati kuwa gaskiyarsa ce idan ya ce ƙa'idar aiki ba ta ba shi damar magana da 'yan jarida ba sai da izini, amma zai iya nuna musu ofishin jami'in hulɗa da jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuto mata, ba ta ware ɗalibi ba.

Ribar zumuncin takan fara bayyana ne a lokacin horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda asusun ITF mai hedikwata a Jos yake kula da shi. Ɗalibai sukan watsu na wasu watanni zuwa NTA da ARTV da Arewa24 da sauran tashoshi, kuma wanda ya riga samun gurbi shi yake faɗa wa na baya ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya rufe situdiyoyin jami'o'in gwamnati, amma wayar hannu ta riga ta zama kyamara da na'urar tace hoto a aljihu, kuma ɗaukar bidiyon biki da tallan kaya a Facebook da TikTok sana'a ce da masu wannan ilimi suke iya shiga ba tare da jiran takarda ba. A nan ma ba a yi shi kaɗai: mai ɗauka yana neman mai tacewa, mai tacewa yana neman mai murya, kuma lambar da ake fara kira ita ce ta wanda aka san ba ya makara da dawo da kyamara.