Madanni Ko Filafili: Wanne Ya Fi Wajen Buga Morse?

A ƙasashe da yawa akwai masu sha'awar kafa 'yar tashar rediyo a gida, bayan sun karɓi lasin daga gwamnati, don su riƙa gaisawa da takwarorinsu na nesa. Waɗansunsu ba da baki suke magana ba, sai da harufan Morse. Wannan tsari ya samo asali ne daga tangarahun Samuel Morse, wanda ya aika da saƙo daga Washinton zuwa Baltimo a Amurka cikin 1844. Kowane harafi da irin kiɗansa, kamar kalangu: sauti gajere da sauti dogo. Dogo ɗaya kuwa daidai yake da gajeru uku.

Kayan bugawar da aka fi sani iri biyu ne. Na farko shi ne madanni, ɗan ƙarfe mai ƙululu a kai, wanda ake dannawa ƙasa a saki. Hannun mutum ne ke auna tsawon kowane sauti. Saboda haka kowa da irin bugunsa, har abokai kan gane juna ba a faɗi suna ba. Amma yana gajiyar da wuyan hannu. Ma'aikatan tangarahu na dā da yawa sun sami ciwon hannu ta dalilinsa.

Na biyu shi ne filafili, wanda ake turawa gefe da gefe. Bisa al'ada babban yatsa ke fitar da gajeru, manuniya kuma dogaye, sa'an nan wata na'ura ta auna tsawonsu daidai wa daida. Gwani kan wuce kalma talatin a minti ɗaya da shi, alhali mai madanni da wuya ya zarce ashirin. Aibinsa shi ne, in yatsa ya ɗan daɗe, sai na'urar ta ƙara sauti, harafi ya rikiɗe ya zama wani.

To, wanne ya fi? Ni dai a ganina, mai koyo ya fara da madanni, don kunnensa da hannunsa su san awo, daga baya ya koma filafili. Tun 2003 dokar duniya ta daina tilasta jarrabawar Morse kafin ba da lasin, amma har yanzu sautinsa na ratsawa inda murya ta kāsa. Ranar da ambaliya ta katse waya, wanda ke sauraro ba sauri yake nema ba, ya gane saƙon yake so. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.