Shekaru 1,700 bayan taron Nikiya, har yau Kiristoci na neman bakin zaren haɗin kai

A ranar 28 ga Nuwamba 2025, Fafaroma Leo na 14 da Bartholomew, jagoran Otodoks na Istanbul, suka tsaya a bakin tafkin Iznik na ƙasar Turkiyya, inda aka yi taron Nikiya a shekarar 325. Tare suka karanta shahadar bangaskiyar da ta samo asali daga wannan taro, ba tare da kalmomin "da Ɗa" ba, waɗanda majami'ar Yamma ta ƙara daga baya a zancen Ruhu Mai Tsarki. Wannan ƙari yana cikin dalilan ɓarakar shekarar 1054.

Abin da ke ƙara matsa musu su sasanta shi ne yadda majami'un Turai ke rasa mabiya. A ƙidayar 2021, Kiristocin Ingila da Wales sun koma kashi 46 cikin ɗari. A Jamus kuwa, mutum fiye da 500,000 suka fice daga majami'ar Katolika a 2022 kaɗai.

Sai dai da sauran rina a kaba. Majami'ar Otodoks ta Rasha ba ta halarci taron Iznik ba. Ko ranar Ista ma ba a daidaita ba: a kalandar 2026, Katolika 5 ga Afrilu, Otodoks 12 ga wata.